Kafin Jirgi Ya Iso Maraɗi, Ina Shanu Za Su Bi?

  Gaisuwa ta musamman ga waɗanda ke ruga yanzu haka, an gama tatsa an jingina rediyo a gindin turke, da kuma direbobi da yaran mota da ke layi a Ɗan Isa ko Magama suna jiran takarda.  

Yau a filin namu maganar hanya za mu yi. Ba hanyar da muke bi yau kaɗai ba, har da wadda ake zanawa a takarda, wadda 'ya'yanmu za su tashi su tarar. Abin da ya jawo maganar kuwa, wani bawan Allah ne ya bugo mana waya daga wajen Gazawa. Ya ce bara da ya gangara da dabbobinsa cin rani, ya iske an tara tudun ƙasa mai tsawo a inda ya saba ratsawa, ga manyan motoci suna ta kai da komo. Ya tambaya, aka ce masa hanyar jirgi ce. Tambayarsa gajera ce: idan an gama, ta ina zai wuce? Na yi ta juya tambayar nan a raina, domin ni a ganina ta fi ƙarfin mutum ɗaya da garkensa.

Bari mu fara da abin da ake ginawa, don kowa ya san inda aka dosa. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Tsawonsa kimanin kilomita 284, kuɗin kwangilar kusan dalar Amurka biliyan 2, kamfanin da aka ba aikin kuma Mota-Engil ne na ƙasar Fotugal. Layin zai tashi daga Kano ya bi Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan ya tsallako ya sauka Maraɗi. Akwai kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Dogo ne na zamani, mai faɗi, irin na Abuja zuwa Kaduna, ba irin tsohon na zamanin Turawa ba.

To, ku rufe ido ku bi garuruwan nan da zuci, ku da kuka san ƙasar da ƙafa. Daga Kano zuwa Daura, layin arewa ya nufa. Amma daga Daura sai ya karya ya yi yamma, ya bi Mashi da Katsina har Jibiya. Wato a wannan tsakanin yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da iyaka, daga gabas zuwa yamma. Su kuwa shanu ina suke nufa? Da damina arewa, da rani kudu. Duk garken da ya taso daga Dakwaro ko Mayahi ko Tasawa ya gangaro ƙasar Katsina ko Daura yana neman gaba, dole ya gitta layin nan, sau biyu a shekara, zuwa da dawowa. Babu yadda za a yi a kewaye shi. Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna a kunnen kowa kafin mu wuce gaba.

Kwalta, ko gudron kamar yadda muke cewa a nan, ba ta hana saniya wucewa. A tsaya, a duba dama da hagu, yaro ya ɗaga sanda, motoci su dakata, garke ya tsallaka. Dogon zamani ba haka yake ba. Ana ɗora shi bisa tudu, wani wurin tudun ya fi ɗaki tsawo, wani wurin kuma a yanke ƙasa ya bi ta cikin kwazazzabo. Jirgin da ke gudu ɗauke da kaya ba ya tsayawa don ya hango saniya. Ko direba ya taka birki, sai ya yi nisa kafin ƙafafun su tsaya. A kan layin Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, an sha samun jirgi ya bi ta kan shanu. Asara ta hau kan mai dabba, a kuma ce shi ne da laifi. Maganin da hukumomi ke kawowa bayan irin wannan shi ne shinge. Shinge kuwa, in ya tsare jirgi daga shanu, ya raba shanu da ruwa.

Injiniyoyi sun san da wannan, ba wai ba su sani ba. A kowane irin aiki ana barin mashiga ta ƙarƙashi, ana yin gadoji da kwalbatoci. Abin tambaya shi ne, a ina aka sa su, kuma wa aka tambaya? In mashigar ta faɗa daidai bakin burtali, alhamdu lillahi. In kuwa an kauce da ita kilomita biyar ko bakwai saboda nan ne ƙasa ta fi sauƙin haƙa, to kun san abin da ke tsakanin bakin burtali da mashigar: gonakin mutane ne. Makiyayi ya iso ya iske tudu a gabansa, dama gero, hagu dawa, bayansa wani garken na turowa. Me kuke so ya yi? Daga nan ake fara jin an yi ɓarna, an kama shanu, an ci tara, wani lokaci har a zubar da jini. Mutanen ƙasar Maraɗi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan inda irin wannan ke kaiwa. Abin da ya faru a Toda cikin Oktoban 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100, har yau ba a manta ba. Allah ya jiƙansu, Allah kada ya maimaita mana.

Sannan ita kanta mashigar, ba kowane rami ne hanya ba. Kwalbatin da aka yi don ruwa ya wuce, da damina ruwa ne a ciki, da rani yashi ya cike rabinsa. Jan saniya mai dogon ƙaho ba ta shiga wuri mai duhu da ƙunci. Ta gaba in ta toge, sai duk garken ya watse. Raƙumi da kaya a bayansa yana son tsawo. Amalanken shanu da ya ɗauko kara ko harawa yana son faɗi. Waɗannan abubuwa ba a karanta su a jami'a, garso ne ya san su, da arɗo, da yaron da ke gaban garke. In aka zuba siminti ya bushe, an gama. Ba wanda zai fasa tudun dogo don ya ƙara wa mashiga taku uku. Shi ya sa Bahaushe ya ce tun ran gini, tun ran zane.

Akwai wani abu da ke damuna, kuma ban cika jin ana faɗarsa ba. Masu auna ƙasa suna zuwa ne su duba abin da idonsu ya gani a ranar da suka zo. To yau shekara nawa ke nan da rashin tsaro ya kori mutane daga wasu hanyoyin? Dajin Rugu a Katsina, Baban Rafi a nan ƙasar Madarumfa, wurare ne da a da dabbobi ke sauka su huta. Yanzu da yawa sun ƙaurace musu saboda ɓarayin daji. Burtalin da ya yi shekara biyar ba kofato a kansa, ciyawa ta rufe shi, maƙwabta sun ɗan ci gefensa. Mai awo ya zo ya duba, ya rubuta cewa ba a amfani da shi. Gobe in Allah ya kawo zaman lafiya, kuma muna roƙon ya kawo, masu hanya su dawo su tarar an shafe ta daga taswira. Haka nan wanda ya zo awo a watan Agusta, lokacin da manyan garkuna ke can arewa wajen Ingal da kwarin Tarka, zai ga fili fayau ya ɗauka ba mai bi.

Yanzu bari mu duba abin da doka ta ce, domin a nan ƙasashen biyu sun bambanta, kuma ya kamata mai tsallaka iyaka ya san bambancin.

A Nijar, tun 1961 aka ja layin da ya raba ƙasar noma da ƙasar kiwo a arewa. A 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye da muke kira kofo, daga na ƙauye har na gunduma. Sai kuma dokar kiwo ta watan Mayun 2010, wadda ta faɗa ƙarara cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, kuma burtali da makiyaya da mashaya dukiyar jama'a ce, ba mai mallake su. Da yawanku kun ga turakun siminti da aka kafa a gefen manyan burtulla a jihar Maraɗi. Turakun nan ba ado ba ne. Duk hanyar da aka auna, aka kafa mata turaku, aka shigar da ita littafin kofo, tana da bakin magana a gaban injiniya da alƙali. Wadda ba a rubuta ba kuwa, sai dai a ce kakanninmu sun bi, kuma kun san wannan hujjar ba ta tsayar da katafila.

A Najeriya kuma, gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Wuraren da aka keɓe a faɗin ƙasar sun haura 400, amma waɗanda aka tabbatar a gazet ba su kai rabi ba, saura kuwa gonaki da gidaje sun cinye da yawansu. Sai dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. In gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, diyyar da take biya ta abin da ke bisa filin ce: gini, amfanin gona, itatuwa masu 'ya'ya. To ku duba nan. Manomi zai nuna gonarsa, a ƙirga mangwaro da ɗorawa, a ba shi abin da ya samu, ko da bai kai ba. Makiyayi me zai nuna? Bai dasa ba, bai gina ba. Asararsa ita ce hanya, hanya kuwa ba ta cikin lissafin diyya. Amma dokar nan tana da wata ƙofa da mutane ba su cika sani ba: ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da fili don kiwo har hekta 5,000. Ƙungiyar makiyayan da ta haɗa kanta tana iya ƙwanƙwasa wannan ƙofar. Yanzu kuma tun 2024 Najeriya na da ma'aikatar kiwo ta tarayya mai zaman kanta, ga kuma wurin kai kuka.

Game da tsallaka iyaka, tsarin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne na ECOWAS, ko Sedeyawo, na 1998. Shi ya kawo takardar shaidar ƙetare da dabbobi, wadda ke nuna yawansu da rigakafin da aka yi musu da hanyar da za su bi. Ya ce a tsallaka da rana ba da dare ba, kowane shanu 50 a samu makiyayi ɗaya, kuma garken da zai ƙetare kada masu kula da shi su gaza biyu. Kun san dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane da kaya suna wucewa kafin a daidaita, amma abin da aka ce kafin a daidaita ba abin jingina ba ne na shekara ashirin. Shi ya sa nake ganin a koma ga abin da ke tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye. Hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar, mai hedkwata a Yamai, an kafa ta tun 1971, ta girmi ECOWAS da shekara huɗu. Akwai kuma yarjejeniyar da jihar Katsina da jihar Maraɗi suka sa wa hannu a 2017 a kan zirga-zirgar dabbobi. A irin wannan zaman ne ya kamata a shimfiɗa taswirar dogo, a ɗora taswirar burtali a kanta, a ƙirga wurare nawa suka gitta juna. Burtalin da ke da turaku a Nijar, ya iso iyaka ya ɓace, rabin hanya ne.

To 'yan kasuwa, na ji kamar kuna cewa yau malam ya manta da mu. Ban manta ba, ga ni nan zuwa.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ina cikin masu son jirgin nan ya zo. Wanda ya san abin da ake kashewa kafin tirelar siminti ko taki ta taso daga Kano ta sauke a Maraɗi, kuɗin mai, da faci, da na shingaye, ba zai ƙi jirgi ba. Wake da aya da riɗi da albasa da ke fita daga nan, da masara da kayan masarufi da ke shigowa daga Dawanau da Singa, duk kaya ne masu nauyi da jirgi ya fi mota iya ɗauka. Dabbobi ma haka. Saniyar da ta kwana biyu ko uku a tsaye cikin mota kafin Legas, ta isa ta rame, wata ma ba ta isa da rai. A 2016 an gwada ɗaukar shanu kimanin 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas, an kuwa isa lafiya, sai dai abin bai zama na yau da kullum ba.

Amma kada mu yaudari kanmu. Ana cewa jirgin zai haɗa Maraɗi da teku. Sabon dogo ya taso daga Legas ya tsaya Ibadan, an buɗe shi a 2021. Wani ya tashi daga Abuja ya tsaya Kaduna. Na Kaduna zuwa Kano ana kan aikinsa. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa da sauran aiki. Tsohon layin da ya haɗa Legas da Kano ƙarami ne, taragon sabon ba ya hawa kansa. Ke nan ko gobe aka buɗe tashar Maraɗi, kwantenar da ta sauka Apapa ba za ta zo a tarago ɗaya ba tukuna. Mu 'yan Nijar kuma mun taɓa ganin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka yi biki, har yau ga shi nan kwance ba jirgin kasuwa a kansa, don bai haɗu da na Paraku ba. Saboda haka wanda zai sayar da motarsa yau don jirgi na zuwa, ya dakata.

Wani abin kuma, dogo ba ya buɗe iyakar da siyasa ta rufe. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. Kun fi ni sanin albasa nawa ta ruɓe a mota, da mutum nawa jarinsa ya karye. Ta wajen Gaya ma kun ga yadda rufe gada ya sa kayan da ke bin Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina da rakiyar soja. Darasin da ni na ɗauka shi ne, ƙasar da ba ta da teku kada ta rataya wuyanta a hanya ɗaya. Ga hanyar Sahara da ta taso daga Aljeriya ta bi Agadas da Damagaram ta shiga Kano, ga babban titin da Najeriya ta fara a 2024 daga Illela zuwa Badagry, wanda zai shafi mutanen Ƙonni da Tawa. Kowace a cikinsu tambayar da za a yi mata ɗaya ce da ta jirgin Maraɗi.

Akwai tarihin da ya kamata mu tuna, don hanya ta sha tayar da gari ta kuma kwantar da wani. Kafin Turawa, ayarin raƙuma ne ke haɗa Kano da Agadas da Gat har Tarabulus, fatake kuma na bin hanyar Gwanja su ɗauko goro. Kowane zango na cin abinci daga ayari. Da jirgi ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru kasuwar hamada ta durƙushe, arziki ya juya kudu, dalar gyaɗa ta tashi a Kano. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta Kano take bi, har Faransawa suka fito da wani tsari a 1953 na karkatar da kayan Nijar zuwa Paraku da Kwatano. Zangunan da hanya ta bari, wasu yau sai sunansu.

To wa zai zama zangon da aka bari a wannan karon? Ku yi tunanin garuruwan bakin iyaka. Me ke riƙe da su? Tsayawar mota. Mota ta tsaya, mai abinci ta sayar, mai faci ya samu, ɗan dako ya sauke ya loda, ɗan canji ya juya naira da sefa, ɗan kamasho ya ci, mai shayi ya kwana yana aiki. In aka ce kaya za a duba su a tashar tsandauri ta Dala a Kano, a rufe tarago, ba za a buɗe ba sai Maraɗi, to duk waɗannan jirgi zai wuce su yana busa. Ban ce a hana ba. Na ce a sani tun yanzu, shugabannin 'yan kasuwa su nemi a ba Jibiya da ɓangaren Ɗan Isa wurin lodi na gaske, da sito, da wurin hawar da dabbobi mai ruwa da likitan dabbobi. Su nemi kuma a yi tsarin da mai buhu ashirin zai haɗa da 'yan'uwansa su cika tarago. In ba haka ba, jirgin na manyan alhazai biyar ne ko shida, sauran jama'a kallo. Kasuwannin dabbobi irin Mai'aduwa da Maigatari ma su tambaya, wace hanya za ta haɗa kara da tasha mafi kusa?

Sai maganar da ta haɗa ku duka, makiyayi da ɗan kasuwa da manomi, wato filin da ke kewaye da tasha. Ranar da aka ji ga inda tasha za ta zauna, ranar dillalan fili ke fitowa. Ba gonar mai ƙarfi suke fara nema ba. Filin da ba shi da mai shi ɗaya suke nema: makiyayar gari, faƙon da shanu ke kwana in sun sauka, bakin tafki, filin da ke bayan kasuwar dabbobi. Abin kowa, in ba a tsaya masa ba, shi ake fara yankawa fuloti. Ina yaro, burtalin bayan garinmu in ka tsaya a wannan gefe ka yi jifa, da ƙyar dutsen ke faɗawa wancan. Da na je bara, amalanke biyu ba sa wuce juna a cikinsa. Ba wanda ya sace shi rana ɗaya. Kowace damina kowa ya ƙara kunya ɗaya, shi ke nan. Kuma ba na zargin manomi shi kaɗai, don mutanen Nijar da ba su kai miliyan 4 ba a 1960, ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan 17, yau kuwa sun wuce 25. Baki ya ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba za a bar rabon ƙasa ga wanda ya riga kai hannu ba.

Mutanen Maraɗi sun san ana iya tsara gari. Tsohon garin a cikin kwari yake, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau tudu aka yanka tituna miƙaƙƙu da muke bi har yau. Sai dai wancan tsarin bayan ɓarna aka yi shi. Ruwa ma yana cikin lissafin dogo, don tudun da ya tare shanu yana tare ruwa. In kwalbatoci suka yi kaɗan, wannan gefe gonaki su nutse, wancan gefe tafkin da ake shayarwa ya ƙafe. Jibiya ta ga abin da ruwa ke yi a damina ta 2018. Ramukan da kamfani ke ɗibar ƙasa kuma, in an gyara bakinsu sun zama mashaya mai amfani har tsakiyar rani, in an bar su da gaɓa a tsaye sun zama tarkon yara da 'yan maruƙa. A tambaya tun kamfani bai kwashe kayansa ba: ramin nan na wa zai zama?

Ku ma makiyaya, bari in faɗa muku taku, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ana kiran taro a fadar hakimi ko ofishin magajin gari a kan hanya, a duba ba ko ɗayanku, kowa na daji. Daga baya a ce ba a tambaye ku ba. Gaskiya ne sau da yawa ana sa taron a lokacin da ba kwa nan, wannan kuwa sai shugabanninku, na AREN ne ko na Miyetti Allah, su tsaya a sa shi lokacin da kuke kusa. Amma in an kira, a je, a kuma tafi da wanda ya san hanyar da ƙafarsa, ba mai babbar riga da ke zaune a birni kaɗai ba. A daina tura yaro ɗan shekara goma shi kaɗai da shanu ɗari a kusa da dogo. Shinge in an kafa kada a yanke shi. Wanda ya yanke ya ba da hujjar a ce ku ne matsala. Wasu manyan masu dabbobi ma, cikinku da cikin 'yan kasuwa, su ne ke killace makiyaya da waya su ce gandunsu ne. Wannan ma cin burtali ne, ko da mai yin sa da Fulatanci yake magana.

Abin da za a iya yi a wannan ranin ba shi da wuya. Kowane arɗo ko rugga ya zauna da mai gari da manoman da ke gefen hanya, a bi burtalin da ƙafa har inda ya haɗu da aikin dogo. Yaranku na da wayoyi masu nuna wuri, a ɗauki hoto a daidai nan. A rubuta takarda da sunan hanyar, da inda ta fito, da inda ta nufa, da watannin da ake bin ta, mai gari ya sa hannu, arɗo ya sa. A nan Nijar a kai wa kofo, a Najeriya a kai ƙaramar hukuma da fadar hakimi da ofishin kula da dabbobi, a kuma riƙe kwafi mai hatimi. Manomi ya sa hannu da zuciya ɗaya, don mashigar da saniya za ta bi ita ce amalankensa zai bi ya kai taki gonar da dogo ya raba masa biyu, ita ce matarsa za ta bi zuwa rijiya.

Shi kuma ɗan'uwanmu na Gazawa da ya bugo waya, in yana saurare, muna roƙon ya sake kira ya faɗa mana daidai wurin da ya iske tudun, kusa da wane gari ne, don mu san ofishin da za mu tunkara da tambayarsa. Duk wanda ya ci karo da irin wannan tsakanin Daura da Jibiya, shi ma layinmu a buɗe yake bayan labarai. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar takardar rigakafi da kuɗin da ya halatta a karɓa a bakin iyaka da wanda bai halatta ba.